Bindigar da Aka Zaɓa Mini

Da hannun hagu nake danna muku wannan, shi ya sa kuka ji ni shiru kwana biyu. Na dama yana cikin filasta tun daga tafi har gwiwar hannu. Masu cika mini waya da saƙon "Shayla ki daina jan aji, irin su Garrett ba su da yawa," ku gyara zama. Ku karanta har ƙasa, in ya so ku sake faɗa mini.

Waɗanda yau suka fara bina, sunana Shayla Tackett, shekarata ashirin da shida, aikin jinya nake yi amma ba a asibiti ba. Gida-gida nake bi a ƙauyukan bayan Okmulgee, irin wuraren da hanya take ƙarewa a ƙofar gida ɗaya tal, waya kuma ta ɗauke. In auna jini, in wanke miki, in yi wa tsohuwa wanka, in cicciɓi tsoho daga gado zuwa kujera. Daga ni sai jakata.

A cikin marasa lafiyata akwai Iya Opal, tsohuwa mai ciwon daji, wadda ta rame har ana iya ƙirga ƙasusuwanta amma bakinta na nan garau. Ƙwayoyinta na kashe zafi suna cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ni ke riƙe da makullin, in ware mata na sati in kulle sauran. Lafiya lau muke har ɗanta Royce ya dawo daga gidan yari a farkon zafin bana. Ranar da muka fara haɗuwa jikin ƙofar motata na same shi a jingine. Bai gaishe ni ba, bai matsa ba. Makullan hannuna kawai yake kallo.

A ranar na kira Goggo Nadine, ƙanwar Babana da ke Tulsa. Ita ba ta da dogon zance. Ta ce in zo ranar Asabar. Ta kai ni wani wurin koyon harbi inda ake ba mutum bindiga kala-kala ya gwada, na yi ta harbi har kunnena ya toshe. A ƙarshe na tsaya a kan wata 'yar baƙar fistol, ƙirar ɗari uku da tamanin, wadda tsawonta bai wuce tafin hannuna ba, nauyinta kuma kamar waya biyu a haɗe.

Goggo ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, harsashinta ƙarami ne. Amma kina samun inda kika auna, kuma za ki iya wuni da ita a jiki ba ki tsane ta ba. Ki yi tunani da kanki."

Na yi tunanin, na saya da gumina. Na haɗa da ɗamarar roba mai aljihu, irin wadda ake ɗaurawa a ciki ƙarƙashin riga. Kayan aikinmu kun san su, shuɗiyar riga sakakkiya da wando mai zariya. Haka nake wuni da ita, in durƙusa, in miƙe, in rungumi tsofaffi, ba wanda ya taɓa sanin akwai abu a jikina. Har mantawa nake yi.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Mama.

Lahadin da ta biyo baya, muna dawowa daga coci na ga Mama ta fito da farantan baƙi. Ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur mai leshi a baki, wanda sai Kirsimeti ake ganinsa. Soyayyar kaza, kirɓaɓɓen dankali da romo, soyayyar kuɓewa, burodin masara, ga tulun shayi mai ƙanƙara yana zufa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Saki gashin nan. Kuma ki shafa wani abu a leɓenki, kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi."

"Mama, wa zai zo?"

"Wa kuwa? Ɗan gidan Lusk."

Garrett Lusk shekararsa talatin da biyu. Babansa ke da shagon bindigogi da ke bakin babban titi, da filin harbi a bayansa, Garrett ne mai koyarwa. Shi ke zagayawa da farantin baiko, na karɓar sadaka, a coci. Lokacin da aka yi wa Babana aikin baya, shi ya zo ya gyara mana shingen shanu bai karɓi ko sisi ba, tun daga nan Baba ba ya rufe baki bai ambace shi ba. Kuma kar in ci amanar gaskiya, Garrett yana da kyau. Dogo ne, ga faɗin kafaɗa, farar rigarsa ta sha guga har tana ɗaukar ido, kan bel ɗinsa kamar murfin kwano, ƙamshin turarensa yana riga shi shigowa ɗaki. In ya cire hula ya ce wa Mama "Barka da gida, Mama," har ni sai in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Na fara sonsa. Wannan ma ku rubuta ku ajiye.

Ana tsakiyar cin abinci Baba ya goge baki ya ce, "Shayla, ɗauko abin nan da Nadine ta sa kika saya, masani ya gani."

Na harari Mama, ta mai da hankali kan zuba romo. Na tashi na ɗauko ta daga jakata, na zare gidan harsashi, na duba cikinta babu komai, na ajiye a gefen tebur. Garrett ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Baba, wannan ta kunna sigari ce ko ta harbi?"

Baba ya yi dariya har ya sarƙe.

Na ce, "Tana harbi. Kuma ina samu."

"Ba na musu, tawan. Amma ƙaton da ya sha ƙwaya ya cika, ga rigar fata mai kauri a jikinsa, wannan cizon sauro ne a wurinsa. Kafin ya san an harbe shi ya riga ya iso kanki. Bindiga ba don ki ji wa mutum ciwo ba ce, don ki tsayar da shi ne a inda yake."

Baba ya buga tebur a hankali. "Kin ji ko? Abin da nake ta gaya wa uwarki ke nan. Nadine me ta sani ban da taurin kai?"

A raina na ce, Goggo Nadine ta shekara talatin tana yawo da bindiga a jaka, ku taku tana jingine bayan ƙofa. A fili kuwa na ci gaba da tsakurar kuɓewa.

Ranar Asabar Garrett ya zo ya ɗauke ni zuwa filinsu. Na sa wandon jins da riga mai layi-layi, na ɗaure gashina, na yi ɗan kwalli, don ni a zatona fita ce ta saurayi da budurwa. Ya rataya takarda mai zanen mutum, ya ce in nuna masa abin da na iya. Na harba da tawa har harsashi ya ƙare. Da aka jawo takardar, ramukan duk suna ƙirji, tafin hannu ɗaya zai rufe su.

Na juyo ina jiran yabo.

Ya ce, "Takarda ba ta ramawa."

Sai ya buɗe wani akwati mai jan ƙyalle a ciki. Bindiga ce ta zallar ƙarfe, ƙirar arba'in da biyar, mai marikin katako da aka yi wa zane. Kyau kam tana da shi. Da ya ɗora mini a hannu sai da wuyan hannuna ya lanƙwasa, kamar an miƙo mini dutsen guga. Yatsuna ba su zagaye marikin ba. Harbin farko ta yi sama da hannuna, na ji naushin har kafaɗa. Na biyu na runtse ido tun kafin in ja kunamar. Da aka jawo takardar, rami ɗaya a kunne, ɗaya a gefen cinya, sauran Allah kaɗai ya san inda suka tafi.

"Za ki saba," in ji shi. "Dubi girman ramin. Ɗaya daga wannan ya fi duk naki."

"Idan ya samu."

"Zai samu. Ai ina nan."

Na ce, "Garrett, ai akwai tsaka-tsaki. Na ga wasu sirara masu lamba tara a shagonku. Sun fi tawa ƙarfi, kuma ba su kai wannan nauyi ba. Bari in gwada ɗaya."

Ya cire mini abin toshe kunne da hannunsa, ya kafe ni da ido. "Ni ba na yi wa wadda nake so tsaka-tsaki."

Jama'a, karon farko ke nan da kalmar so ta fito daga bakinsa. Duk hujjojin da na jera a kaina suka watse. Na sunkuyar da kai ina murmushi kamar sakarya. Ya ce babbar tawa ce, kyauta. Ya ɗauki 'yar ƙaramar ya juya ta, ya ce saitinta ya ɗan karkace, in bar masa ya duba. Bindigar da ta gama zuba harsashi wuri ɗaya a gabansa. Na bar masa.

Na yi ƙoƙari, Allah ne shaidata. Ranar Litinin na sa ta a ɗamarar roba, kafin in kai mota ta zazzago har mara. Na sayo bel mai kauri na ɗaura a kan wandon aiki, na rataya kuben a ƙugu. Zariya ba a yi ta don ɗaukar ƙarfe ba. In na yi taku, wandon ya zame gefe guda, in kai hannu in ja. In na sunkuya, marikin ya tokare mini haƙarƙari. In na zauna a mota, bakin ya nutse a cinyata. Rigar ta yi tudu a gefe kamar na ɓoye kwalba. Wani tsoho da nake wanke wa ƙafa ya dube ni ya ce, "'Yar nan, yaƙi za ki tafi daga nan?" Kafin sati ya ƙare ƙuguna ya yi baƙi da shuɗi, bayana kuma in na kwanta kamar an daka ni.

Kullum da safe ina shan kofi sai wayata ta yi ƙara.

"Barka da asuba, tawan. Kin ɗauka?"

"Na ɗauka."

"Turo hoto in gani."

In tsaya gaban madubi, in ɗaga gefen riga, in ɗauka in tura. Ya turo hoton zuciya da na babban yatsa. Da farko abin daɗi yake mini, a ce wani ya damu da ni haka. Daga baya na lura bai taɓa tambayar tabon da ke fitowa ɓaro-ɓaro a hoton ba.

Na rubuta masa, "Ta yi mini nauyi. Jikina duk ciwo."

"Gara ciwon ƙugu da kabari."

"Ka gama duba ƙaramar?"

Ya karanta, bai amsa ba.

Wata rana ina ɗaga Iya Opal daga bahon wanka, marikin ya bugi ƙashin ƙugunta. Ta yi wata 'yar ƙara da har yau nake ji. Fatarta kamar takarda take, nan take wurin ya tara jini. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Me kika ɗauko mana yau, 'yata, guduma?" Daga ranar na canza tsari. In ɗaura da safe, in yi hoto, in tura, in na isa gidan mara lafiya in kwance in tura ƙarƙashin kujerar mota in kulle.

Na gaji, ranar wata Alhamis na biya shagonsu bayan na tashi aiki. Na same shi yana goge gilashin kanta.

"Na zo karɓar bindigata."

"Ba ga ta nan a ƙugunki ba?"

"Ƙaramar."

Ya ci gaba da goge gilashi. "Ta tafi."

"Ina ta tafi?"

"Wata mata ta zo neman ta ajiyewa a jaka, na ba ta. Kuɗin na zuba miki harsashi da su, suna nan a kwali da sunanki."

Na ce, "Ka sayar mini da abu ba ka tambaye ni ba?"

"Na tambayi Babanki."

"Da kuɗin Baba na saye ta?"

Sai a lokacin ya ajiye tsumman. Murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake lallashin yaro da ita, ya ce, "Shayla, in na bar miki ita, ita za ki riƙa ɗauka. Na san halinki, sauƙi kike so. Wata rana za ki gode mini."

Na kira Baba daga cikin mota. Ya ce, "To mene ne? Mutum ya cire miki abin wasa ya ba ki abin kirki, shi ne za ki ɗaga mini murya? Wannan tarbiyyar Nadine ce." Na kira Mama. Ta ce, "Ki yi haƙuri, kulawa ce. Mata nawa ke neman mai kula da su haka?" Na yi niyyar in koma Tulsa ranar hutuna in sayi wata da kaina, ko da siririyar mai lamba tara ce. Ranar hutun ba ta riske ni da hannu biyu ba.

Talata ce, rana tsaka, zafi kamar an buɗe murhu. Da na isa gidan Iya Opal na duba, tsohuwar motar Royce ba ta nan. Na ji sanyi a raina. Na kwance bel, na tura bindigar ƙarƙashin kujera, na kulle mota, na shiga. Na yi mata wanka, na shafa mata mai, na sa mata rigar barcinta mai 'yan furanni, na kwantar da ita. Na fito kicin ina wanke hannu, sai na ji motsi a bayana.

Ta ƙofar baya ya shigo, da ƙafa. Ba riga a jikinsa, gumi na tsiyaya, idanunsa jawur, haɓarsa na motsi kamar mai taunar abin da babu.

"Makullin," ya ce.

"Royce, na ware mata na satin nan. Sauran ba ni da ikon..."

"Ban tambaye ki iko ba."

Hannuna ya tafi cikina da kansa, daidai inda 'yar ƙaramar take zama. Riga kawai na damƙo. Ta ragar ƙofar gaba ina hango motata a rana, kusa ƙwarai, kamar in miƙa hannu in taɓa. Na ja da baya, na ja da baya, har na tura ƙofar da gadon bayana na fita baranda. Makullan suna hannuna na dama, na mota da na akwati a zobe ɗaya. Ya kamo su. Na san ya kamata in saki, ko a wurin horo haka aka koya mana, amma yatsuna suka ƙi buɗewa. Ya murɗe hannun, ya hankaɗa ni. Na faɗo daga matakala a kan hannun, na ji ya yi ƙas kamar busasshen kara.

Daga ɗaki Iya Opal tana kiran sunansa da 'yar muryarta, tana cewa ya bari, ya bari don Allah. Ya koma ciki ya fito da akwatin a hammata, ya tsallake ni, ya shiga motata ya tafi. Da ita da abin da ke ƙarƙashin kujera. Da rarrafe na koma kicin, na jawo wayar bango da hagu na kira 'yan sanda.

Na san tambayar da ke bakinku. Da ƙaramar tana jikina, da na harbe shi, uwarsa na ji daga ɗaki? Ban sani ba. Wataƙila ganinta kawai ya sa ya ja baya. Wataƙila abin ya fi haka muni. Wataƙila ma Garrett ya yi gaskiya, harsashin bai tsayar da shi ba. Na juya wannan a raina har na gaji. Abin da na sani shi ne, da ni zan yanke wannan hukuncin a kicin ɗin nan, amma an riga an yanke mini shi a kan kantar shago, ba na wurin.

A asibiti Garrett ne ya fara shigowa, hula a hannu, fuskarsa a ɗaure. Da na gan shi hawaye suka zubo mini, don duk da komai shi nake so in gani. Ya tsaya a bakin gado, ya dubi filastar, ya dube ni.

"Ina bindigar take lokacin?"

Na yi zaton ban ji daidai ba. "Me ka ce?"

"Da safe kin turo mini hoto tana ƙugunki."

"Tana mota."

Ya saki numfashi, ya juya yana kallon bango. "Ashe duk hotunan nan yaudarata kike yi."

Baba ya shigo a kan wannan maganar. Idonsa ya yi ja, na san ya yi kuka a hanya, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "An ba ki abin da zai kayar da bijimi, kika bar shi ƙarƙashin kujera. Yanzu ga shi a hannun ɗan ƙwaya." Mama tana shafa kaina tana cewa su bar ni in huta. Sai da suka fita ta sunkuyo ta raɗa mini, "Amma da kin ji magana, Shayla."

Ba wanda ya ambaci ƙaramar. Kamar ba a taɓa yin ta ba.

'Yar sandan da ke riƙe da maganar, wata mata mai sanyin murya da ake kira Harjo, ita ta gaya mini an kama Royce washegari a wani gari da ke gaba, yana barci a cikin motata. Akwatin an fasa. Bindigar ba ta ciki, shi kuma ya rantse bai taɓa ganinta ba. Motar suka riƙe don bincike.

Tunda ko maɓallin riga ba na iya sawa, sai na bar ɗakin da nake haya a gari na koma gidanmu, ɗakina na yarinta mai labulen rawaya. Mama ke yi mini wanka, ita ke taje mini kai. Garrett kullum yana zuwa da furanni, ya zauna a falo su yi ta hira da Baba a kan harsashi. Ni da shi gaisuwa ce kawai.

Lahadin nan da ta wuce ba su bar ni na je coci ba, wai in huta. Da suka dawo Mama ta shigo da wata farar riga mai leshi a wuya, sabuwa fil, ta sa mini, ta zuge zif. Ta zaunar da ni ta shafa wa faratan hannuna na hagu jan farce.

"Mama, duk wannan na mene ne?"

"Mace ba ta zama kaca-kaca don ta karye."

Farin ƙyallen nan ya sake hawa tebur. An gasa naman saniya, an yi kek. Garrett ya zo cikin baƙar kwat, babbar bindigarsa ta yi tudu a ƙarƙashinta. Wayata tana kan cinyata, muna fara ci ta yi motsi. Na leƙa. Harjo ce.

"Na kira jiya da yamma ban same ki ba, na bar saƙo wurin mahaifinki. An ba da belin Royce, ya fita. Har yanzu ba mu gano bindigar ba. Ki kula, kada ki zauna ke kaɗai."

Na karanta, na sake karantawa. Jiya da yamma. Wayata tana caji a falo jiya da yamma, Baba na zaune kusa da ita.

Ina ɗagowa na ga Garrett ya ture kujera ya durƙusa a gabana da gwiwa ɗaya. Ɗan akwatin zobe a hannun dama, makullin gidansa a hagu.

"Shayla, na yafe maganar hotuna. Abin da ya faru ya nuna mini ba bindiga kike buƙata ba, mai riƙe miki ita kike buƙata. Ki bar aikin nan. Gidana akwai katanga, akwai karnuka, akwai ni. Ko a satin nan a ɗaura, Baba ya amince."

Mama ta riga ta fara share ido da gefen ƙyalle. Baba ya harɗe hannu yana gyaɗa kai.

Na ce, "Royce ya fito."

Ba wanda ya razana. Ba wanda ya ce yaushe, ko wa ya gaya miki. Cokalin Mama bai ko motsa ba.

"Shi ya sa bai kamata a ja lokaci ba," in ji Garrett.

Na dubi Baba. "Tun jiya ka sani."

"Na sani. Me za ki yi da labarin ban da ki tayar da hankalinki? Ga maganin abin a durƙushe a gabanki."

Na dubi Mama, na dubi jan farcen da ta shafa mini. Ta kawar da kai wajen kek.

Na juyo wajen Garrett. Na ce, "Garrett, tashi, kar wandonka ya yi datti. Ka sayar da abin da zan iya ɗauka, ka ba ni abin da ba zan iya ba, yanzu da na karye ka zo ka ce ka yafe mini. Ba zan aure ka ba."

Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe. Fuskarsa ba fushi, murmushi ma yake yi kaɗan, irin na wanda ya san ƙarshen wasa.

Baba ya ce, "Zauna ki ci abinci, zafin ciwo ne."

Na miƙe. Na rataya jakata a kafaɗar hagu.

"Ina za ki je? Da wace motar? Da wane hannun?" in ji Baba.

Na juya na nufi ƙofa. Mama ta kira sunana sau ɗaya, a hankali, amma ba ta tashi ba. Na bi ta falo na fita, na sauka daga baranda, na bi 'yar hanyar tsakuwa da farar rigata da takalmin ɗaki har bakin titi inda akwatin wasiƙunmu yake. Na kira Goggo Nadine. Ban gama bayani ba ta ce, "Tsaya inda kike, na taso." Daga Tulsa zuwa gidanmu tafiya ce mai ɗan nisa, ni da ita duk mun sani.

Titinmu ba kowa ranar Lahadi. Gonar ciyawa hagu, gonar ciyawa dama, sai kukan fara. Na tsaya a rana, filastar na yi mini ƙaiƙayi, ba komai a jikina sai jaka da waya.

Ta yi motsi. Garrett.

"Ina kallonki ta taga. Kalma ɗaya za ki rubuto in fito in tsaya kusa da ke."

Na waiga. Yana tsaye a tagar falo, ya ɗage labule, ya cire kwat, hannunsa ɗaya a ƙugu. Bai fito ba. Jira yake.

Ina juyowa na hango wata tsohuwar mota can a mararraba. Ta rage gudu, ta tsaya kamar mai tunani, sannan ta karyo kan titinmu a hankali. Motar Goggo Nadine ja ce. Wannan ba ja ba ce, kuma tsufanta irin na motar Royce ne.